Baba Ya Ga Tiga Ta Tagar Jirgin Sama

Ranar da muka gaya wa Baba za mu kai shi Abuja a jirgin sama, bai tambayi kuɗin tikiti ba. Bai kuma tambaya ko jirgin yakan faɗi ba, wannan tambayar Inna ce, ta kuwa yi ta har sau uku. Shi abu ɗaya kaɗai ya so ya sani. Ya ce, "Ta kan Tiga zai bi?" Muka ce muna tsammani haka. Ya ce, "To, ku samar mini gefen taga."

Masu karatu da yawa sun san Tiga, ko da a bakin masu sayar da kifi ne. Tana ƙasar Bebeji, wajen kilomita 70 kudu da birnin Kano. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka tare Kogin Kano a wurin. An fara aikin a 1971, aka gama a 1974, daidai lokacin da babban farin nan ya addabi ƙasar Hausa. Tsawon bangon madatsar ya kai kusan kilomita 6, tsayinsa kuwa mita 48. Ruwan da ya taru a bayansa ya rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. A cikin wannan fili akwai gonaki, da rijiyoyi, da kaburbura, da ƙauyuka waɗanda aka tashi dubban mutanensu aka mai da su wasu wurare. Ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, a can aka yanke wa Baba cibiya.

Yana da sabon aure sa'ad da aka tashe su. Ya ce sun kwashe jinka da azara da dutsen niƙa, amma kukar ƙofar gida ba ta kwasuwa, haka kuma kabarin mahaifiyarsa. Daga baya ya koma wajen Tudun Wada da noma, can muka girma. Ya sha zuwa bakin tafkin, har kwalekwale ya taɓa shiga, amma daga ƙasa ruwa duk ruwa ne. Mutum ba ya iya cewa ga inda kogi yake bi dā, ga inda rafi yake shiga cikinsa. Wani jikansa ya taɓa nuna masa hoton wurin a wayar hannu, ya duba, ya mayar masa, ya ce wannan zane ne. Yana so ya gani da idonsa. Idon kuwa ɗaya ne mai kyau, wanda aka cire wa yana, ɗayan ya riga ya dushe. Shekarunsa sun doshi tamanin. Mun sani ba kowace shekara za a sami irin wannan tafiya ba.

Tafiyar farko ta ɓaci, laifin kuwa namu ne. A watan Janairu ne, za mu bikin auren jikanyarsa. Muka isa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da wuri, muka roƙi mai ba da katin shiga ya ba tsoho gefen taga. Ya ba shi, da fara'a ma. Muka shiga muna murna. Ashe tagar a kan fiffike take, daidai tsakiyarsa. Baba ya leƙa, ya ga ƙarfe fari shimfiɗe kamar rufin kwano. Ya ɗan miƙa wuya ya duba gaban fiffiken, babu kome sai hazo, gama hunturu ya sauka sosai a makon nan. Minti biyu da tashi, birnin Kano kansa ya ɓace. Da muka dawo gida muka buɗe taswira, sai muka ga ko da babu hazo babu fiffike, ba zai ga Tiga ba, domin mun zaunar da shi a gefen dama, Tiga kuwa ta hagu ta wuce. Dawowa kuma da dare muka yi. Baba bai yi mana faɗa ba. Da maƙwabta suka zo yi masa barka da dawowa suna tambaya yaya sama take, sai ya ce, "Fara ce." Wannan amsa ta fi faɗa ciwo.

Saboda haka da wata tafiya ta taso a watan Nuwamba, wato sunan ɗan da jikanyar nan ta haifa, muka zauna muka yi shiri kamar masu shirin shuka. Abin da muka koya shi ne muke so mu ba masu karatu, gama yanzu 'ya'yanmu da yawa suna aiki nesa, iyaye kuma suna shiga jirgi fiye da dā. Kuɗin tikiti ba kaɗan ba ne. In an biya shi, ya kamata a ci moriyarsa duka.

Da fari, sai a san inda jirgin ya dosa. Abuja tana kudu da Kano, ta ɗan karkata yamma, nisan kuwa a miƙe ya ɗara kilomita 350 kaɗan, tafiyar da ba ta cika sa'a guda a sama. In ka ɗora zare a kan taswira daga filin jirgin Kano zuwa na Abuja, za ka ga zaren ya ratsa ƙasar Bebeji. Garin Bebeji da Kiru da tafkin Challawa na ƙasar Ƙaraye suna yamma da zaren. Bagauda, Tiga, Tudun Wada, dajin Falgore da duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa duk suna gabas. Mai tafiya kudu, gabas tana hagunsa. Mai dawowa arewa, gabas tana damansa. A manyan jirage masu kujera shida a jeri, irin Boeing 737, tagar hagu ita ce A, ta dama ita ce F. A ƙananan jirage haruffan sukan bambanta, amma A kullum hagu ce. Matuƙi ba lalle ya bi zaren nan daidai ba. Yakan kauce wa hadari, masu kula da zirga-zirgar jirage kuma sukan karkatar da shi. Duk da haka, yawancin lokaci ba ya yin nisa da wannan hanya.

Sa'an nan sai rana. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Wanda ya zauna a gefen da rana take, haske zai cika masa ido, kowane ƙarce da ke jikin gilashin zai fito, ƙasa kuwa ta zama toka-toka, ba da daɗewa ba maƙwabcinsa zai roƙe shi ya ja marufin tagar. Wanda rana take bayansa shi ne yake ganin ƙasa da launinta. Da safe rana tana gabas, don haka tagar yamma ce mai kyau. Da la'asar kuwa tagar gabas. Da muka haɗa wannan da zancen taswira, sai lissafi ya fito da kansa: a tafi Abuja da safe a kujerar F, a ga Bebeji da Kiru, a dawo da la'asar a kujerar F ɗin dai, a ga Falgore da Tiga. Harafi ɗaya ya isa tafiya da dawowa. Wanda kuwa jirginsa na zuwa da la'asar ne, yana kuma son Tiga, sai ya nemi A.

Fiffike kuma, mun riga mun sha darasinsa. A jirgi mai jeri ashirin da wani abu, fiffike yakan rufe jerin tsakiya, daga wajen na goma zuwa na goma sha bakwai ko sha takwas. Gaba da shi ya fi kyau, ga ƙarancin ƙara. In ba a samu ba, sai can baya sosai, ko da yake zafin da ke fita daga inji yakan sa ƙasa ta yi rawa a ido, kamar yadda kwalta take yi da tsakar rana a watan Afrilu. Bayan jirgi kuma ya fi girgiza, wanda zuciyarsa take tashi a mota ya lura da wannan. Kada a nema wa tsoho ko yaro kujerar ƙofar gaggawa, ko da an ga tana da wurin miƙe ƙafa. Ba a ba su, in ma an ba su bisa kuskure, ma'aikatan jirgi za su tashe su. Kamfanoni da yawa yanzu sukan bar mutum ya zaɓi kujera a wayarsa tun kafin ranar tafiya, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi. In ba a iya ba, a sa yaro ya yi. In kuwa sai a filin jirgi, a je da wuri, kada kuma a ce "taga" kawai kamar yadda muka yi. A ce, "Taga ta dama, gaban fiffike."

Game da lokacin shekara, hunturu ba na kallo ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hamada takan rufe sama, har wani lokaci jirage su kasa sauka Kano sam. Tsakiyar damina kuwa, Yuli da Agusta, gizagizai ne suke rufe ƙasa, ko da yake su kansu abin kallo ne. A ganinmu babu kamar ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba. Ruwa ya wanke sama, ƙura ba ta iso ba, tafkuna sun cika maƙil, ƙasa kuma ba ta gama bushewa ba.

Ranar tafiya muka sami jeri na shida. Baba a F, ɗayanmu kusa da shi riƙe da taswirar da muka zana a bayan ambulan. Jirgi yakan tashi yana fuskantar iska, iskar Nuwamba kuwa daga arewa maso gabas take, saboda haka muka tashi kamar za mu Gumel, sa'an nan jirgin ya kwanta gefe ya juyo kudu. Inna ta runtse ido ta kama hannun kujera. Baba ya manna goshi a gilashi. Muka tuna masa da cewa a filin sukuwar garin nan ne jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a watan Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Ya ce kakansa ya ba shi labarin, mutane sun gudu sun bar takalma.

Bayan an haye Kogin Challawa, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne yawan itatuwa. Daga mota mutum yakan ce ƙasar Kano ta zama fili. Daga sama kuwa kowace gona tana da nata ɗigon kore, ɗorawa ko tsamiya ko kuka ko darbejiya, warwatse kamar an yayyafa. Babu daji, amma babu gonar da take tsirara. Gonakin ƙanana ne, babu biyu masu siffa ɗaya, an raba an sake rabawa tsakanin magada. Dawa ta nuna, an fara yanka, ana ganin buka-bukan kara a jere. Baba ya fi mu gane abin da muke gani. Shi ne ya nuna mana burtali, wato hanyar shanu, yadda take tafiya tsakanin gonaki da shinge a gefe biyu, ya kuma nuna inda manoma suka cinye ta har ta zama siririya kamar igiya. Ya girgiza kai, ya ce daga nan rigima take farawa.

Layi biyu ne suke taimakon mai kallo a wannan gefe. Ɗaya babbar hanyar Kano zuwa Zariya, wadda take ƙarƙashin jirgin kusan, ɗaya kuma hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso Kano a 1911, tana can yamma, ta Madobi. Garin Bebeji yana tsakanin gonaki, rufin kwano yana ƙyalli, tsohon gari a dunƙule, sababbin unguwanni sun bi bakin hanya. Daga sama ƙaramin gari ne, amma a nan aka haifi Alhassan Dantata a 1877, ɗan Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja, wanda ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan zuwan jirgin ƙasa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Mahaifiyar Aliko Dangote jikanyarsa ce. Gaba kaɗan ta yamma sai Kiru, can bayanta kuma wani farin ruwa mai tsawo, tafkin Challawa ke nan, wanda aka gama madatsarsa a 1992. Muka nemi Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Jos take rabuwa da ta Zariya, inda muka sha tsayawa sayen tsire da rake, amma jirgin ya riga ya yi sama ƙwarai, ba mu tabbata ko ita muka gani ba. Duka wannan bai wuce minti goma da tashi ba. Wanda ya tsaya gyara jaka ko buɗe jarida, ya rasa shi.

Baba ya sani Tiga tana ɗaya gefen. Muka ga yana waiwaye, yana leƙe ta tsakanin kawunan mutane, amma rana ta cika tagogin hagu, yawancinsu an ja marufi. Muka ce, "Baba, sai dawowa." Ya ce, "In da rai."

Kwana huɗu muka yi a Abuja. Jirgin dawowa an sa shi ƙarfe uku na rana, mun kuwa zaɓe shi ne saboda rana. Ƙarfe uku ta yi, babu jirgi. Uku da rabi, aka yi sanarwa ana ba da haƙuri. A watan Nuwamba rana takan faɗi wajen ƙarfe shida a Kano, muka shiga lissafi a zuci: in ba mu tashi kafin biyar ba, an sake yin asara. Baba yana zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ba ya duban agogo, tagar ɗakin jira yake duba, yana auna inuwa. Ƙarfe huɗu da kwata aka kira mu.

A cikin jirgi kuma sai ga wata. An canja jirgin, an kawo wani, lambobin kujeru suka rikice, Baba ya sami kansa a tsakiya, wani Alhaji mai babbar riga yana zaune a tagar dama. Muka yi ta jin nauyi, amma ɗayanmu ya daure ya durƙusa kusa da shi, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wata alfarma muke roƙo." Muka ba shi labari a taƙaice. Bai bari mun gama ba, ya miƙe yana tattara riga, ya ce, "Haba, Baba, bismilla. Ni na bi hanyar nan ya fi sau hamsin, barci nake yi." Ashe shi mutumin Rano ne, maƙwabcin Tiga. Ranar dai bai yi barci ba, shi ya zama mai yi mana jagora.

Muka tashi biyar saura kwata. Kusan rabin sa'a ba abin da muka kula da shi, aka kawo ruwa da biskit, Baba bai taɓa ba. Da muka ji ƙarar inji ta ragu, kunnuwa suka fara toshewa, muka san an fara gangarowa. Dawowa ta fi tafiya kyau a nan, gama jirgi mai sauka yana ƙasa-ƙasa, ba ya kuma sauri kamar mai hawa. Ga rana a bayanmu ta yi ja, kowane tudu ya shimfiɗa inuwarsa gabas.

Can nesa, a ƙarshen gani, Alhaji ya nuna wasu duwatsu shuɗi-shuɗi a dunƙule. Ya ce Riruwai. A nan ne ƙasar Kano ta fi tsayi, a ƙarshen kudu, inda ta shiga kamar harshe tsakanin Jihar Kaduna da Jihar Bauchi. Masanan duwatsu sun ce gindin wani tsohon dutse mai aman wuta ne, shi ya sa duwatsun suka yi zobe, 'yan'uwan na Jos ne. Kamar na Jos kuma, akwai kuza a cikinsu, an haƙa ta tun kafin Turawa, aka kuma haƙa a zamaninsu da bayansu. Ƙasar Doguwa ta fi birnin Kano samun ruwan sama, masara da rake suna yi sosai. Nisan ya yi yawa, ba mu ga gari ba, duwatsun kaɗai muka gani, su ma don sama a wanke take.

Sa'an nan Falgore. Ba sai an nuna wa mutum ba. Gonaki masu launin kaki suna tafiya, suna tafiya, sai kawai su tsaya cak, duhun itatuwa ya fara, kamar an shimfiɗa baƙin bargo. Iyakar a fili take. Dajin ya kai wajen murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙasar Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Dā sunansa Gandun Dajin Kogin Kano, gama kogin ta cikinsa yake bi bayan ya gangaro daga tuddan kudu. Muka ga farin yashinsa yana lanƙwasa a cikin duhun. Baba ya ce yana yaro ana jin labarin ɓauna da gwanki da zaki a ciki, mafarauta ba sa shiga su kaɗai. Mu kuwa Falgore da muka sani ita ce wadda direba yake taka mota in ya shiga, fasinjoji su yi tsit, saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu da suka mai da ita maɓoya a wasu shekaru, har sojoji suka kafa wurin horo a ciki. Daga sama babu alamar wannan duka. Sai hayaƙi siriri a wuri biyu ko uku, ko na masu gawayi, ko na masu ƙona daji. A gefuna kuma ana ganin inda gatari ya ci, duhun ya yi sirara kamar kan mai sanƙo. Wannan daji shi ne yake riƙe ƙasar bakin kogin. In ya tafi, yashi da laka za su gangara cikin Tiga. Wanda ya ga su biyun a taga ɗaya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Tudun Wadan Dankadai ta wuce da sauri. Muka gane ta da hanyar da ta ratsa ta da fadamun shinkafa kewaye, an yi girbi, ana ganin masussuka fari-fari. Muka yi ƙoƙarin nuna wa Inna wajen gidanmu, ta buɗe ido ɗaya, ta ce ta gani, ta rufe.

Daga nan Baba ya daina magana. Kogin ya fara faɗi, ya ƙara faɗi, sai ga tafkin gaba ɗaya a cikin taga. Mu da muka saba ganinsa daga bakin gaɓa mun zaci kewayayye ne kamar tasa. Ba haka yake ba. Yana da rassa da yawa kamar rogo da saiwoyinsa, kowane tsohon rafi ruwa ya bi shi ya hau, ya zama yatsa. Inda yake da zurfi launinsa baƙi-baƙi, gefuna kuwa ja-ja saboda laka. Ga tsibirai na dutse, ga kwalekwalen masunta kamar ƙwayar shinkafa. Can arewa ga bangon madatsar a miƙe sak, shi kaɗai ne miƙaƙƙen abu a wurin.

Baba ya sa yatsa a gilashi, ya fara daga kudu yana bin tsakiyar ruwan a hankali, yana motsa leɓe. Rassan yake ƙirgawa. Ya wuce na fari, ya wuce na biyu. A na uku ya tsaya, inda wani ɗan dutse ya fito daga ruwa kusa da bakin reshen.

Ya ce, "Ga dutsen shanya."

Muka ce, "Wanne, Baba?"

Ya ce, "Wancan mai kama da doron raƙumi. A kansa mata suke shanya kuɓewa da barkono. Rafin yana bi ta gabas da shi. Gidanmu yana tsakanin dutsen da rafin, tafiyar da ba ta fi a kira mutum ya ji ba." Ya ɗan matsar da yatsa kaɗan, wurin ruwa ne sumul, babu kome. Ya ce, "Nan ne. Iya tana nan."

Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Inna ta buɗe idanu duka biyu, ta miƙo kai ta kan kafaɗarmu, gama ita ma a gidan aka kai ta amarya. Ta duba, ta ce dutsen ya ƙanƙance. Baba ya ce ba ƙanƙancewa ya yi ba, ruwa ne ya ci rabinsa. Suka ɗan yi gardama a kan ko rijiyar tana arewa da kukar ko kudu. Kafin su shirya, gefen taga ya share wurin. Duka bai fi minti biyu ba.

Bayan bangon sai ƙasa ta sake kama. Ga ƙaramin tafkin Bagauda, wanda ya riga Tiga, mai sunan sarkin Kano na fari, inda otal ɗin shaƙatawa yake dā, yanzu kuwa Makarantar Lauyoyi ce a wurin. Ga babban kanal ya fito daga Tiga yana tafiya arewa. Sa'an nan filayen Kadawa da Garun Malam da Kura, a yanke murabba'i-murabba'i kamar tabarma, ba irin gonakin gado da muka gani da safe ran tafiya ba. Nan ne ruwan da ya rufe ƙauyen Baba yake zuwa. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Jikokinsa biyu suna noman rani a wurin, da kuɗin tumatir ɗayansu ya yi aure. Mutanen Hadejiya da Nguru kuwa, can ƙasa inda kogin yake malala, suna da tasu magana, gama tun da aka tare ruwan ambaliyar da take ciyar da fadamunsu ta ragu. Muka tambayi Baba ko yana jin haushin dam ɗin. Ya ce da fari ya ji, shekara da shekaru. Bai ƙara kome a kai ba, mu ma ba mu matsa ba.

Aka ce a ɗaura bel. Muka haye Challawa, rana ta taɓa ƙasa, hayaƙin girkin yamma ya kwanta a kan unguwanni. Ta tagar dama ɗin dai muka ga Goron Dutse da Dala, da sauran ganuwa nan da can a tsakanin gidaje. Ƙafafun jirgi suka fito da ƙara, Inna ta sake kama kujera.

A wurin ɗaukar kaya muka yi sallama da Alhaji, Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya daɗe yana sa masa albarka. A mota kuma, kafin mu fita daga gari, ya ce a ba shi ambulan ɗin nan da muka zana taswira. Ya karɓi biro, ya ƙara rassa uku a jikin tafkin, ya yi ɗan ɗigo kusa da na ukun, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Ya ce gobe zai kai wa ƙanensa, wanda ya rage a cikin waɗanda aka tasa tare da shi, shi ma ya ce ko rijiyar tana arewa ko kudu.